Ranar da Ruwan Ya Kwanta

Maigidana direban kamiyo ne, babbar motar kaya, a hanyar Kotonu zuwa Yamai ya ƙarar da ƙuruciyarsa. Sauran direbobi in sun je bakin teku, atamfa suke kawo wa matansu. Shi kuwa tekun ya ɗauko mini a akwatin gilashi, ya girke a falo, daidai inda na so in ajiye keken ɗinkina.

A ciki akwai kifaye biyu ƴan mitsi-mitsi, launin lemo da ratsin fari, waɗanda ko miyar mutum ɗaya ba za su yi ba. Amma ba su ne suka ɗauke masa hankali ba. Wani abu ne kamar citta manne a kan dutse, wai murjani, kuma wai mai rai ne. Na yi ta yi masa dariya har ranar da na ga abin yana buɗe ƴan yatsu ƙanana in ruwa ya bi ta kansa. Bai fi kan ɗan yatsa ba da ya kawo shi, ya yi ta renonsa har ya kai tafin hannu.

Shekarar da sojoji suka karɓi mulki aka rufe gadar da ke tsakaninmu da Benin, rufewar ta same shi a Malanbil da mota cike da kayan mutane. In na tsaya a bakin kogi nan Gaya, ina hango garin da mijina yake. Mutane na ƙetarewa a kwalekwale, amma shi ya ce ba zai bar motar amana a titi ba. Sai ya bar mini tasa amanar ta waya.

"Ki yi mini alkawari in tarar da shi da rai," in ji shi. "Abu ɗaya ne, kada ruwan nan ya tsaya. Kogi gaba yake yi, teku kuwa kai-komo yake."

Na ce na yi alkawari, don ban san abin da na ɗauko wa kaina ba.

Pompo biyu ne a akwatin, ƴan injina masu tura ruwa, suna fuskantar juna. Ana cikin haka aka yanke wutar da ke zuwa mana daga Najeriya, kuran, wato lantarki, ya koma sai ya ga dama. Da ya ɗauke, in jona tsohon batirin mota. Batirin ya mutu, in ɗauki ludayi in tsaya ina dama ruwa kamar mai dama fura, in tura nan, in dawo da shi can. Ɗinkin mutane na jirana, ni ina yi wa dutse fifita a cikin ruwa. Da zafi ya tsananta har ƙanƙara nake ƙullewa a leda in saka, alhali ni ruwan randa nake sha.

Duk da haka gansakuka ta fito. A bayan dutse ta fara, lungun da ruwa ba ya isa sosai, koriya, mai gashi-gashi. Na karkata pompo ɗaya can, sai ta koma ɗaya gefen. Na kankare gilashi da reza, na goge duwatsu da tsohon buroshin haƙori, na toshe taga da zane don maigidan ya ce hasken rana na ciyar da ita. Na rage wa kifaye abinci har suna bina da ido. In na tsige ta da safe, kafin la'asar ta sake leƙowa, sai ka ce da gayya take yi.

Maganin, in ji shi, shi ne a riƙa sauya ruwa. To, gishirin da ake haɗa ruwan da shi daga Kotonu yake zuwa, kuma ya ƙare. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Mu da gishirin Foga ke cika mana kasuwa, a ce gishiri ya gagare ni. Na ce in zuba namu, ya ce ko kusa. Haka ruwan ya yi ta komawa kore-kore, ni kuma ina ta fama da ludayi.

Kullum ya kira, kafin ya tambayi lafiyata sai ya ce, "Ya buɗe yau?" Wata rana na ce masa, "Ni dai ban buɗe ba, in kana son sani." Sai ya ce in yi haƙuri. Na yi fushi ƙwarai, amma da na ajiye wayar sai da na je na duba, kuma ya buɗe ɗin.

Bayan watanni mai motar ya aiko wanda zai karɓe shi, maigidana ya ce gobe zai ƙetaro da buhun gishirinsa. Da jin haka surukata ta taso daga Tunuga don ta tarbi ɗanta. Inna a bakin kogi aka haife ta, a nan ta tsufa, Hausarta ma ta kasuwa ce, rabi Dandanci. Tana shiga falo ta tsaya a gaban akwatin ta riƙe haɓa.

"Ƴata, wannan ƙazamin ruwa zai tarar?"

Na ce, "Inna, haka yake so, kada dai a taɓa injin."

Ta ce to. Amma na san wannan "to" ɗin. A wurin Inna, da duk macen da ta taɓa ɗebo ruwan kogi, ruwa ba ya tsarkaka sai an bar shi ya huta. A zuba a randa, a jefa ɗan alif, farin dutsen nan mai kwantar da laka, a rufe, kada kowa ya motsa. Macen da ta ba mijinta ruwa mai duhu, ita ce abin magana a gari.

Da safe na duba, murjani ya buɗe sarai, kuran ma yana nan. Na tafi bakin kogi da murnata. Sai ga layin masu ƙetarewa har ba a ganin ƙarshensa, ga bincike, ga rana. Bai tako tudu ba sai bayan la'asar, ya rame, ya yi baƙi, buhu a ka. A kan kabu-kabu ma zancen ɗaya yake yi mini, ni kuwa ina ce masa ya bari ya gani da idonsa.

Tun daga ƙofa na ji shirun. Watanni kunnena ya saba da gurnanin pompo in akwai kuran, yau ga kuran amma babu. An zare wayoyin an naɗe su tsaf a kan tebur, kusa da ƙullin alif. Ruwan ya yi garau, ban taɓa ganinsa haka ba, duk dattin ya kwanta a ƙasa. Kifayen biyu ma suna ƙasa, a kan gefensu. Murjanin ya saki naman jikinsa kamar majina, farin ƙashi ya bayyana.

Inna ta fito daga madafa tana share hannu da zane, fuskarta cike da fara'a.

"Sannu da zuwa, ɗana. Ka ga na gyara maka ruwanka. Matarka ta yi ƙoƙari, amma yaran yanzu ba su san a bar ruwa ya kwanta ba."

Na juya wajen maigidana. Na dube shi, ina jira ya faɗi ko kalma ɗaya. Ya daɗe yana kallon akwatin, buhun na kansa bai ma sauke ba. Sannan ya ajiye shi a hankali, ya durƙusa a gabanta.

"Allah ya saka da alheri, Inna. Ya yi kyau."

Ta sa masa albarka, ta koma ta zubo masa abinci. Ni ban ci ba, kuma ban ɓoye cewa raina a ɓace yake ba. Da ta fita alwala ya kamo hannuna na dama, ya juya shi, ya ga kantar da ludayi ya yi mini. Ya tashi ya mayar da wayoyin pompo, ruwa ya soma kaɗawa a kan farin ƙashin.

Ana kiran magariba kuran ya ɗauke. Sai da na isa gaban akwatin na lura ludayin na hannuna.