Muryar Baba a Cikin Jar Fata

Shekarar da Baba zai rasu na ɗauki karatunsa. Ba wani hangen nesa ne ya sa ni ba. Lokacin na samu laftof, ina koyarwa a firamaren ƙauyenmu kusa da Ɗanbatta, ɗoki ya cika ni, komai na ji sai na ɗauka. Baba manomi ne, amma kullum in gari ya waye yakan zauna a kan buzu a ƙofar ɗakinsa, ya yi karatun Alƙur'ani da ka kafin ya saɓi fartanya. Sai in kife turmi, in ɗora laftof a kai, in bar ta tana sauraro. Ina ta haka har ya gaji, ya ce in ɗauke masa farantin nan daga gabansa.

Bayan sadakar arba'in na kwafi karatun a filash, ɗan abu da bai wuce yatsa ba, na kai wa Inna. Ban kunna mata ba, don a lokacin ko takalminsa ta gani sai ta juya kai. Na ce, "Inna, ki adana min wannan, karatun Baba ne a ciki." Ta karɓa da hannu biyu. Ban sake tambaya ba, don abin da Inna ta adana ko ɓera ba ya sanin inda yake.

Bara laftof ta fara nauyi, kullum tana yi min nacin in sabunta babbar manhajarta, wadda komai ke tafiya a kanta. Na kai ta Bici wurin wani mai gyara. Kafin ya taɓa komai ya tambaye ni, "Malam, kana da ajiyar kayanka a wani wurin?" Na ce ina da ita. Ya ƙara da cewa in sabuwar ba ta yi min ba, a kwanakin farko ana iya komawa tsohuwar, amma in aka jima na'urar da kanta take toshe hanyar komawa. Na ce to, ya sabunta ta, na hau mota na dawo gida.

Damina ta sauka, ga shuka, ga noma, ga jarrabawar yara. Sai da gero ya fara fitar da kai sannan wata safiya na kunna ta, ta tsaya cak, ta ƙi gaba ta ƙi baya. Na mayar da ita Bici, mai gyaran ya yi iya yinsa, wuni guda yana fama har gumi ya jiƙa masa riga. Daga ƙarshe ya ce hanyar komawa ta rufe tuni, abin da ya rage sai a share komai a ɗora sabuwa. Takardun makaranta ba su dame ni ba, ana sake rubuta su. Muryar Baba kuwa yanzu wuri ɗaya ta rage a duniya, a hannun Inna.

Na same ta da hantsi tana ɓarar gyaɗa. Na ce, "Inna, abin nan da na ba ki ajiya." Ta kakkaɓe zani, ta shiga ɗaki, ta sauko da gafakar Baba daga jikin ƙusa. Ta zura hannu ta fito da laya, ɗinkakkiya da jar fata, har da igiyar ratayawa.

Na ce, "Inna, filash nake nufi."

Ta ce, "Shi ne. Ba kai ka ce Alƙur'ani ne a ciki ba? Sai in bar shi tsirara a kwalla tare da daddawa? Ranar kasuwa na kai wa baduku."

Na san aikin badukun nan, basilla yake sa wa abu da ƙarfinsa, in ya gama kuma ya buge ɗinkin ya kwanta. Raina ya ɓaci. Me zan ce? Ni na ba ta ɗan ƙarfe, ita kuma ta karɓi abin da ke cikinsa, ta girmama shi yadda ta san ana girmamawa.

Da na ce sai an farke, ta riƙe layar ta ƙi miƙowa. "In ka kwashe shi ka zuba a farantinka, ni me zai rage min?"

Na ce ba ya raguwa. Kamar maƙwabciya ce ta zo ɗibar wuta, tata ta kama, taki kuma tana nan.

Ta ce, "Wuta daban, mutum daban." Sannan ta aike ni in ɗauko reza a kan taga. Ita da kanta ta farke, zare bayan zare, tana bisimilla. An naɗe filash ɗin da auduga, a gefensa kuwa ga zanen da bakin basilla ya yi.

Na kife turmin nan, na ɗora laftof, na soka filash. Ta yi ta juyi ba ta nuna komai ba. Can sai ta buɗe. Na danna karatun farko.

Tarinsa ya fara fitowa, sai carar zakara, sai karatu, a hankali yadda ya saba, yana jan ƙarshen aya. Inna ta ajiye rezar. Ana cikin haka ya dakata, na manta sam da wannan wurin, ya ɗaga murya ya ce, "Uwar yara, kina kusa?"

Inna ta ce, "Na'am, Malam." Har ta dafa ƙasa za ta tashi.

Karatun ya ci gaba. Ta koma ta zauna, hannunta na nan a ƙasa. Tausayinta ya kama ni, na miƙa yatsa zan tsayar, sai ta riƙe min hannu.

"Bar shi ya ƙarasa," in ji ta. "Ba ya son a katse shi."