Ta'aziyyar da Ta Ci Ɗakin Kawu

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya riga mu duka zuwa Faransa. Lokacin da muka sauka Lyon ni da mijina a farkon shekarun tamanin, shi har furfura ta fara fito masa a Paris. Yana zaune a unguwar Goutte d'Or, ciki da falo a hawa na uku, yana sayen atamfa da leshi yana aikawa Damagaram. Gidan ya tsufa, matakalarsa na kuka, ban ɗaki kuwa a waje yake, ana rabawa da maƙwabta. Amma hayar kamar kyauta, domin gidan yana ƙarƙashin tsohuwar dokar hayar nan ta shekarar arba'in da takwas. Ba a ƙara maka kuɗi yadda aka ga dama, kuma muddin kana ciki kana biya, ba mai fitar da kai don kawai ya gaji da ganinka. Kawu bai san da wannan doka ba. Shi a wajensa duk kirkin Madam ne, tsohuwar Baturiyar da ke da gidan, wadda ke zaune a ƙasa.

Sun yi zaman mutunci, ban musa ba. Yana kai mata naman layya, ita kuma tana karɓar masa saƙo in ya fita. Falon nan nasa shi ne kantinsa, shi ne kuma masaukin duk wanda ya sauko daga Maraɗi ko Tawa bai san kowa ba. Fatake ba su san shi da wata lamba ba, ƙofar nan suka sani.

Da Madam ta rasu, Kawu ya sa babbar riga ya sauka gaisuwa. Ya tarar da ɗanta, wanda bai taɓa gani ba sai a hoto. Ya yi masa ta'aziyya da ɗan faransancinsa na kasuwa, ɗan ya gode, sannan a nan tsaye ya ce yana son ya gyara gidan ya sayar, zai ji daɗi in Kawu ya bar masa ɗakin kafin sabuwar shekara. Kawu ya ce ba komai, ya ba shi hannu.

A tarho ya gaya mini, bayan ya gama tambayar yara da sanyi da aikin maigidana, kamar wani ƙaramin labari da ya kusa mantawa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na bar wa mijina yara, na hau jirgin ƙasa zuwa Paris. Akwai wata ƙungiya a unguwar mai kare 'yan haya. Na yi juyin duniya Kawu ya bi ni wajensu, ya ce shi ba ya kai ƙarar maraya. Marayan nan fa gemunsa ya fi na Kawu tsawo. Na je ni kaɗai. Matar da na tarar ta saurare ni, ta ce mutuwar mai gida ba ta kashe haƙƙin ɗan haya, kuma maganar baki ba ta ɗaure shi ba. Abu ɗaya ta yi ta nanatawa: kada ya miƙa makulli, domin in ya fita da ƙafarsa doka ta sake shi.

Na dawo da gudu na zayyana masa. Na ƙara da cewa ga hunturu ya shigo, ko alƙali ne ya yanke hukunci ba a fitar da mutum cikin sanyi. Ya bar ni na gama tas.

"Ɗiyata, a zaman makokin uwarsa ya roƙe ni," in ji shi. "Da wane baki zan koma in ce na hwasa?"

Na ce masa Baturen nan bai san wani zaman makoki ba, yana karɓar gaisuwa ne yana auna bango da ido. Kawu ya ce wannan tsakaninsa da Allah, shi dai a inda aka haife shi ba a yi wa mai mutuwa gardama. Na kai kuka wajen dattawan unguwar, ina tsammanin za su taya ni, tunda su ma a falon nan suke shan shayi. Suka ce Alhaji ya yi daidai, dattijo magana ɗaya yake yi. Har yau in na tuna su sai in ji haushi, domin babu wanda ya ce ga ɗaki a wajensa.

Kafin ya fita sai da ya sayi fenti ya shafe bangon, don kada a ce ya bar wa mutane ƙazanta. Ya miƙa makulli, muka ɗauko shi zuwa gidanmu a Vaulx-en-Velin, gefen Lyon. Muka ba shi ɗakin yara a can sama, inda in na'urar hawa ta lalace sai ya wuni bai sauka ba. Fatake suka yi ta zuwa tsohuwar ƙofar suna komawa, daga baya suka sami wasu dillalai. Mutumin da ba ya cin abinci shi kaɗai ya koma yana jiran yara su taso daga makaranta don ya sami abokin magana. Bai taɓa yin ƙorafi ba, kuma wannan ya fi cin raina.

Da sanyi ya wuce ya ce zai je Paris neman ɗaki a unguwarsa. Ya tafi da safe da jakarsa, sai ga shi ya dawo ran nan da la'asar. Abin da ake nema a ɗaki ɗaya yanzu, cinikinsa ko na da ba zai ɗauka ba. Ina yanka albasa ya zo ya tsaya a bakin ƙofar madafa, wurin da bai taɓa takawa ba. Na ɗago kai.

"Dokar nan da kika hwaɗa mini," ya ce a hankali, "tana yi wa wanda ya riga ya hita aiki?"

Na ce a'a, Kawu.

Ya gyaɗa kai. Ya juya zai tafi, sai ya tsaya ya roƙe ni kada in gaya wa maigidana ya yi wannan tambaya.