Yaya Ladidi da lefen yarinyar cikin waya

Shekara tara ke nan da rasuwar Yaya Ladidi. Da safiyar yau na lissafa ina shanya, na sake lissafawa, ban ji komai ya motsa a ƙirjina ba. A littattafan soyayyar da na taso ina karantawa, idan aka yi wa yarinya rasuwa sai ta yanke jiki ta faɗi, a yayyafa mata ruwa, ta farka tana kiran sunan wanda ya tafi. Ni kuwa ranar da aka fita da Yaya daga gidanmu na unguwar Bukan Sidi a Lafia, wanke kofunan masu gaisuwa na yi ta yi. Mata suna cewa Binta akwai tawakkali. Ba tawakkali ba ne. Jikina ne ya yi shiru, kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta.

Ga wanda bai san ta ba, Ladidi yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya. Atamfa da leshi take sayarwa a kasuwar Lafia. Zazzaɓi ya kwantar da ita a tsakiyar damina, bai ɗauki lokaci ba. Ta bar 'ya ɗaya, Nafisa, wadda ta dawo hannuna tana ajin ƙarshe a firamare.

Mu a gidanmu baƙaƙe ne, baƙi na gaske, ba wankan tarwaɗa ba. Wannan ya dame ni ina budurwa, domin a littattafaina yarinyar da ake so kullum fara ce sol, gashi har gadon baya. Baƙar yarinya ita ce ƙawar da ake aika ta kira ta. Na yarda ni ce ƙawar nan, sai nake sa kaya masu duhu don kada a lura da ni. Yaya ba ta karatun littafi, amma ta san abin da ke ciki, don ina ba ta labari tana ninke atamfa.

"Wannan farar taki ta littafi," in ji ta wata rana, "ta taɓa shiga ranar Lafia kuwa? Kawo ta nan azahar ɗaya mu ga ƙarshen soyayyar."

Tana da hanyarta ta sayar da kaya, wadda ta sa wasu ke ce mata mai taurin kai. Ba ta yarda mace ta zaɓi zane a cikin shago, ƙarƙashin ƙwan lantarki. Sai ta ja ta bakin ƙofa inda hasken rana yake, ta ɗora mata turmin a kafaɗa, dab da haɓa, ta ja da baya. Ba zanen take kallo ba, fuskar take kallo. In fuska ta tashi, zanen naki ne. In ta kwanta, a mayar da shi, ko da kin kwana kina mafarkinsa. Na tuna wata mai kawo doya daga Agyaragu, wadda Hausarta ba ta nuna ba, da ta nace a kan wata atamfa ruwan makuba.

"Mama Nafisa, abeg yanka mini wannan, shi nake so."

"Ba zan ba ki ba. Ki shiga cikin wannan ki ɓace, maigida ya yi ta cigiyarki a kasuwa?"

"Kai dai, kasuwa kake yi ko faɗa?"

Matar ta tafi da ruwan ɗorawa tana mita. Da Kirsimeti ta wuce, ta dawo da ƙannenta biyu.

Ni ma a bakin ƙofar nan ta tsayar da ni ana gobe Salla, ta cire mini shuɗin da na zaɓa ta ɗora mini ruwan goro. Na ce ya yi ihu da yawa. Ta ce bari ya yi, ke ai ba kya yi. Ranar Sallar wani saurayi ya tsayar da mashin ɗinsa ya tambaye ni hanyar da na tabbata ya sani. Bai sake dawowa ba, amma na yi shekara ina ƙarasa labarin a raina.

Tun da ta tafi, abin da hannuna ya faɗa a kai nake saye. Kala duk ɗaya take a idona. Nakan ce da tana nan, me za ta ce da yadda ake sayen kaya yanzu? A waya ake turo hoton atamfa, a waya ake zaɓen anko, mata talatin su shiga kala ɗaya, fara da baƙa da ja, wadda ya karɓa da wadda ya kashe. Fuskar ma a waya ake gyara ta. Ka ɗauki hoton yarinya, wayar ta wanke ta tas kafin ta nuna maka ita. Ina jin da Yaya ta yi dariya tukuna, sannan ta yi faɗa. Ban zaci abin zai shigo har tsakar gidanmu ba.

Nafisa za ta yi aure wata mai zuwa. Kabiru sunan yaron, yana koyarwa a nan Lafia, amma danginsa suna Gombe, kuma goggonninsa ne suka haɗa lefe. Ba su taɓa ganin ta ba. Suka ce a turo hoton amarya, ta tura irin wanda duk sa'o'inta suke turawa, wanda waya ta riga ta wanke.

Ranar da suka kawo lefen, Nafisa tana gidan maƙwabta, tunda amarya ba ta fitowa a ranar. Aka buɗe akwatuna a tsakar gida. Kaya ne masu kyau, ba a yi rowa ba. Sai dai daga makuba sai ruwan ƙasa, sai shuɗi mai duhu, sai ruwan toka. Babbar goggon ta ɗaga wani leshi ta ce, "Da gangan muka zaɓo masu duhu, don su ƙara haska farin 'yar tamu." Maƙwabtanmu suka kalli juna. Wata ta yi guɗa don ta rufe shirun. Ni na ce an gode, Allah Ya saka da alheri, na miƙa musu ruwa. Lefe ba a mayar da shi a ce a canza kala. Duk wadda ke wurin ta san haka.

Bayan 'yan kwanaki ina share ɗakin Nafisa da rana na ga wata roba a bayan madubi, ba suna a jiki. Man haɗi ne na sa fata ta yi fari, irin wanda ake sayar wa amare. Ba a buɗe shi ba tukuna.

"Anti, na wata ɗaya ne kawai," in ji ta, da ta shigo ta ga robar a hannuna. "Ana gama biki zan daina."

"Kabiru ne ya ce ki yi?"

"Shi bai ma sani ba. Amma ai kin ji goggonsa. Fara suke jira."

Na san mata da yawa a unguwar nan da suka fara da wata ɗaya. Na ga kumatun da suka ƙone, na ga gaɓoɓin yatsu da suka ƙi bin sauran jiki, na ga waɗanda ba sa iya tsayawa a rana. Fatar ba ta komawa yadda take. Ya kamata raina ya ɓaci, ko in ji tsoro. Na tsaya da tsintsiya a hannu ina duba cikina, ban sami ko ɗaya ba. Da Yaya ce, da unguwa ta ji muryarta. Ni sai na ajiye robar inda na gan ta.

Washegari da hantsi na ce wa Nafisa ta jawo akwatin lefen zuwa bakin zaure, ta zo da madubi. Ban shirya abin da zan faɗa ba. Hannuna ne ya ɗauki turmi ya ɗora mata a kafaɗa, dab da haɓa. Na ce kada ta kalli zanen, ta kalli fuskar. Makuba, fuska ta kwanta. Ruwan ƙasa, ta ɓace gaba ɗaya. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya tashe ta, har idonta ya ciko. Sai na ga wani ɗankwali ruwan ɗorawa na maƙwabciyarmu a kan igiya. Na ciro shi da ɗanshinsa, na sa shi tsakanin wuyanta da makubar. Fuskar ta tashi. Makubar ma da ta yi kamar ta mutu, ta tashi tare da ita.

Ta daɗe tana kallon madubin.

"Haka Mama take yi?"

"Haka. Sai dai ita da ta zage ki tukuna."

Ta yi 'yar dariya, ta goge ido da bakin ɗankwalin mutane.

Sauran aikin ita ta yi shi, ba ni ba. Ta kai kayan wurin telan bakin titinmu, ta ce kowace riga a yi mata wuya da yadi mai haske, ɗankwali da mayafi kuma ita za ta zaɓo: ruwan goro, ruwan hoda, kore shar, ruwan madara. Telan ya kalle ni, da yake na raka ta, ya ce da Hausarsa ta kasuwa, "Madam, wannan amarya ya san abin da yake so fa." Da rigar farko ta fito, ta sa, ta tsaya a bakin zaure, ta ce in ɗauke ta hoto kada in bar wayar ta gyara komai. Ta tura wa babbar goggon. Sai da aka kwana sannan amsa ta zo a saƙon murya, gajera: "Ashe baƙa ce 'yar tamu. To, ai da kun faɗa." Mun saurari muryar tare, mun sake saurara, ba mu gane ko daɗi ta ji ko akasin haka ba. A ranar Nafisa ta mayar wa mai man robarta.

Idan na auna abin da ya rage na Yaya, ba shi da yawa. Shagonta yanzu kayan waya ake sayarwa a ciki. Matan da ta zaɓa wa zane, zannuwan sun koɗe sun zama tsumma. Muryarta ma ta fara kuɓuce mini, sai in tuna abin da ta faɗa in kasa tuna yadda ta faɗe shi. Ban san yadda za a karɓi Nafisa a Gombe ba, kuma ba ni da ikon gyara wannan. Na dai san da wace fata za ta shiga gidan: wadda Ladidi ta haife ta da ita, ta wanke da ruwan ɗumi, ta shafe da man kaɗanya. Allah Ya sanyaya miki makwanci, Yaya. 'Yarki za ta tafi baƙa.