Jirgin Gobir a Tashar Yamai

Ƙafata ta hagu ce ta karye, kuma duk direban taksi ya san abin da wannan ke nufi, don da ita ake taka ambiryaj, wato kuloci. Wani mai moto, wato babur, shi ne ya kwashe ni a Kalley, bayan babbar kasuwa, ina duƙe ina duba taya. Mai ɗori ya yi aikinsa, ƙashi ya haɗu, amma ƙafar ta fito siririya kamar muciya. Ba ta lanƙwasuwa, ba ta ɗaukar nauyina.

Motar ba tawa ba ce. Ta wani Alhaji ce ɗan Damagaram, mutumin kirki amma mai magana ɗaya. Ya zo duba ni da ledar lemu, ya ce ya ba wani motar riƙo.

"Zan jira ka har Babbar Salla," in ji shi. "In ka iya, makullinka na nan. In ba ka iya ba, kada mu ɓata da juna."

Na ce to. Shekaruna sun wuce na neman sabon ubangida, kuma ban da tuƙi ban iya komai ba.

Likita ya ce in riƙa tafiya kullum a wuri mai laushin bi, marar gargada. A unguwarmu ina zan samo shi? Lungu duk yashi ne, sanda nutsewa take. Bakin titi kuwa na masu moto ne, na riga na ɗanɗana. Mai ɗakina ce ta ce, "Malam, ka je tashar jirgin ƙasa mana. Can dai babu abin da ke gudu."

Tashar ba nisa da mu, wajen filin sukuwa, in ka kama hanyar filin jirgin sama. Na santa tun ana zuba mata siminti. Ranar da aka buɗe ta ni na yi ta jigilar mutane, daga unguwannin Goudel da Dar es Salam, kowa da sabuwar riga. An yi kiɗa, jirgi ya yi kuka, ya ɗan ja manya suka dawo. Aka ce layin dogon ya kama hanyar Dosso, wata rana har Kwatano. Mu direbobi ranar ba mu yi murna ba, muna ganin zai kwashe mana fasinja. Ni har baki na yi masa. To, bakina ne ko ba bakina ba, jirgin bai yi jigila ba. Kowa da dalilin da yake faɗa, ni ban sani ba. Tashar ta zama sunan wurin sauka kawai, ana kiranta da Faransanci: "Direba, ajiye ni gar."

Na je da safe, ina jan ƙafa. A ƙofa na tarar da mai gadi, wani Bazabarme dogo, ya kai sa'ana, yana hura gawayin shayi. Na gaya masa abin da ya kawo ni. Bai kalli ƙafar ba, zanen fuskata ya tsaya kallo.

"Bagobiri ne ashe," ya ce. "Shi ya sa. Moto na zuwa, kai kana tunanin tuwo."

Wanda bai san ƙasarmu ba zai ce zagi ne. Bagobiri da Bazabarme taubasai ne, wasa ke tsakaninmu tun kakanni, kuma wanda ya yi fushi shi ya ji kunya. Na ce masa, "An ba bawana gadin gidan da ba kowa, don an san ko kaza aka ba shi sai ta ɓace." Ya yi dariya har shayinsa ya zube, ya buɗe mini ƙofa.

Ciki akwai zaure mai bencina, da tagar sayar da tikiti a rufe. In ka fita ta baya sai dakalin jiran jirgi, dogo, shimfiɗe kamar faranti. Rabinsa da rumfa, rabinsa rana. A gefe ɗaya akwai gangare na masu kaya, a ɗaya gefen matakala. Ƙasa kuma ga ƙarfen dogo biyu sun miƙe, ciyawa ta fito tsakaninsu, ƙadangaru na shan hantsi a kai. Duk yawon da na yi a Yamai ban taɓa taka wuri mai daɗin tafiya irin wannan ba.

Da farko ko ƙarshen rumfa ba na kaiwa sai na zauna. Mai gadin ya jawo kujerarsa bakin dakali, ya samo wani usur, ya naɗa kansa shugaban tasha. Da na shigo sai ya busa.

"Jama'a a matsa, jirgin Gobir ya iso. Ba ya ɗaukar kaya, ba ya ɗaukar mutum, kansa ma da ƙyar."

Jama'ar kuwa ƙadangaru ne. In na tsaya hutawa ya ce jirgi ya lalace a daji. In na yi latti ya ce za a kai ƙarata. Ran da ban zo ba saboda ruwan sama, washegari ya ƙi ba ni shayi, wai fasinja sun kwana a tasha. Haushinsa ya sa na fara wuce rumfa. Daga baya na koma hawa gangaren nan ina sauka, don a nan gwiwa ke lanƙwasuwa ko tana so ko ba ta so.

Sanda ce na kasa rabuwa da ita. Ƙafar ta yi ƙwari, amma zuciyata ba ta yarda ba. Salla ta matso, raguna sun cika bakin titi, ni ina nan da sanda. Wata safiya na ajiye ta jikin benci ina shan shayi, sai mutumin nan ya ɗauke ta, ya yi tafiyarsa har can ƙarshen dakali inda siminti ya ƙare, ya jingine ta, ya dawo ya zauna.

"Kawo mini sandata."

"Ni mai gadi ne, ba ɗan dako ba."

"Wallahi ba wasa nake ba."

"Ni ma aiki nake. Jirgi zai tashi." Ya busa usur.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Da wani ne da na faɗa masa maganar da ba za mu sake gaisawa ba. Amma taubashi ne, ba dama. Na zauna har shayin ya huce, rana ta fara cin rabin dakalin. Na ga dai ba mai kawo mini. Na tashi. Ban kalli ƙasa ba, sandar na sa wa ido, ina tafe ina zaginsa da kakanninsa, shi kuma yana bayana yana kukan jirgi da baki. Da na isa na ɗauki sandar, sai na ga ban san abin da zan yi da ita ba. Na saɓa ta a kafaɗa na dawo.

"Ka gani," ya ce. "Bagobiri sai an ɗauke masa abu yake tafiya."

Ana jibi Salla Alhaji ya zo da motar, ya zauna gefena ya ce mu zaga. Na bi da shi ta Kalley da gangan, cikin cunkoson masu sayen kayan miya, inda ƙafar hagu ba ta hutawa. Motar ta mutu mini sau ɗaya, gumi ya karyo mini. Na tayar, muka wuce. Da muka dawo ƙofar gida, Alhaji ya fita ya bar makullin a jiki.

Har yau ƙafar na yi mini tsami in an yi sanyi, kuma aikin taksi bai ƙara daɗi ba. Jirgi dai bai zo ba. Sandar tana wurin mai gadi, ya ce ta zama kayan tasha, da ita yake korar awaki. In na bi ta gaban ƙofar nakan danna oda, shi kuma in yana kusa ya busa usur. Fasinja kan tambaye ni ko jirgin ne zai fara aiki. Nakan ce musu wani Bazabarme ne da ba shi da aikin yi, in sa giya mu wuce.