Rigar Matuƙin Jirgi da Jan Maho

Kafin in zama abin da na zama, ni ɗan baduku ne a birnin Kano. A rumfar mahaifina na buɗe ido, cikin ƙamshin bagaruwa da sabuwar jima, kuma tun ban iya ɗaure mazagin wandona da kyau ba na iya riƙe basilla. Baba mutum ne marar yawan magana. In ka kawo masa ɗinki ya ga ya karkace, ba zai zage ka ba, farke shi kawai zai yi ya miƙo maka. Na yi boko, kaina yana ja, sai ga zamanin da kuɗin man fetur suka ɓalle wa ƙasarmu, gwamnati tana tura samari waje karatu kamar mai rabon goron biki. Haka na tsinci kaina a Landan, wai zan karanto aikin injiniya.

Na kama ɗaki a Camberwell, na tara gashi ya yi tozo, na sayi wando mai faɗin ƙafa da takalmi mai tudu wanda in na hau shi sai in ga kaina daidai da kowa. Duk wanda ya tambaye ni sana'ar babana, sai in ce babban ɗan kasuwa ne mai fitar da fata ƙasashen waje. Kunyar kalmar baduku nake ji, kun ji wautar farko. Sikolashif ɗina ya ishi mai hankali, to amma ni lokacin ina na ga hankalin? Mutanenmu suna sauka daga jirgi suna kwasar kaya a manyan kantuna ba ko taya farashi, ni ma raina ya biya.

Wata Asabar ina yawo a kasuwar Woolwich na ga wata tsohuwar rigar fata a yashe a teburin 'yan gwanjo, hannunta ɗaya ya kusa cirewa. Na saye ta a banza, na zauna a ɗaki na ɗinke ta, don hannu bai manta ba. Da na koma da ita, wani Bature mai sayar da tsofaffin kayan soja, ana ce masa Reji, ya juya ta ya sake juyawa, ya ce wa ya yi wannan aiki? Na ce ni ne. Nan take ya ce in riƙa zuwa ina yi masa gyara.

A wurin Reji na koyi gane rigunan matuƙa jirage na zamanin yaƙin duniya, waɗanda samarin Turawa ke hauka a kansu a lokacin. Ta Ingila buzu ce kawai aka ɗinka riga, gashin tunkiyar a ciki, bayanta kuma an shafe shi da launin ruwan ƙasa. Tana da ƙatuwar wuya, da ɗamara a ƙugu, da zif a kowane hannu. Ya nuna mini cewa ta farkon yaƙi da manyan ƙyallayen fata aka haɗa ta, ta ƙarshen yaƙi kuwa gutsattsari ne aka harhaɗa saboda fata ta yi wuya. Ya koya mini duba zif ɗin tagulla, da 'yar lambar shaidar soja da ke maƙale a wuya, da yadda tsufan gaske ke cin gwiwar hannu da bakin ɗamara ya bar sauran wurare. Har nan dai halal nake ci, kuma wallahi da na tsaya a nan da na huta.

Abin ya faro ne daga lamba. Wata riga ta gaske ta mutu murus, ba abin da ya rage mai amfani sai lambar wuyanta. Na cire na maƙala wa wata wadda ba ta taɓa ganin jirgi ba ko a hoto, ta kuwa sayu kafin azahar. Na ce wa kaina ai ba wanda na cuta, ya ga abinsa ya saya. Daga nan na koyi tsufar da sabuwar riga da ruwan shayi da samfefar goge katako, in tattake ta, in kwana a kanta. Na bar Reji na kafa teburina, na bar zuwa kwaleji sai ranar da na ga dama. Kowace riga da labarinta: wannan mai ita ya faɗa teku, waccan mai ita ya kakkaɓo jirage sai ka ce mai kaɗe mangwaro. Har mutanenmu ban ƙyale ba. Akwai wani babban ma'aikaci da ya zo kwas, ya sayi ɗaya ya tafi da ita Sakkwato, Allah kaɗai ya san ranar da ya samu sanyin sa ta.

Ana nan, ran nan wani dogon tsohon Bature ya tsaya a gaban teburina da jaka a hannu. Ya ƙare mini kallo, sai kawai na ji ya ce, "Sannu da aiki. Ina gajiya?"

Saura kaɗan in faɗi daga kan takalmina. Ashe lokacin yaƙi ya yi zama a Kano yana tuƙa jirgi, kuma mutanen can Dogo suke ce masa. Hausarsa ta tsufa ta kakkarye, amma gaisuwa kam ya riƙe ta har da ina iyali. Ya fito da riga daga jakar, ina ganinta na san yau na ga ta gaske. Ta farkon yaƙi ce, komai nata na asali, sai dai ta bushe ta fara tsagewa a kafaɗa. A hammatar hagu kuma ga wani maho na jar fatar akuya, an ɗinke shi da irin ɗinkin da na tashi ina gani a rumfarmu. Aikin mutanenmu ne ba ko tantama. Ya ce in gyara masa ita, yana so ya sa ta ya je taron tsofaffin sojoji da suke yi duk shekara in sanyi ya shigo.

Na ce, "An gama, Malam Dogo." A zuciyata kuwa na riga na sayar da rigar.

Na samo wata sabuwa mai kama da ita, na yi mata duk dabarun da na sani, har da mahon ƙarya na wata tsohuwar jakar mata da na rina. Ta gaskiyar kuma na farke mata jan mahonta na jefa a kwandon shara, don masu kuɗin da nake hari ba sa son riga mai faci. Da na gama, sai na ga ta ƙaryar ta yi tauri, ba ta da laushin tsohuwar fata. Nan na tuna yadda Baba ke shafa wa fata man shanu ya shanya ta. Ba man shanu a Landan, sai na shiga kanti na sayi bota, na ce ai duk daga saniya suka fito. Na lafta mata har cikin ɗinki, ta yi laushi ta yi sheƙi, na yaba wa kaina. Abin da na manta shi ne, man shanun Baba soyayye ne, kuma ranar Kano ce ke shanye shi. Landan kuwa ba rana, sai danshi da hita.

Malam Dogo ya karɓi ta ƙaryar ya yi godiya ya rataye ta a ɗakinsa. Yana da wata kyanwa, ƙatuwa, malalaciya, wadda a cewarsa ko ɓera ya bi ta kan hancinta ba ta motsi. Bayan 'yan kwanaki sai ga ta tana tsalle tana kama rigar tana lasa. Ya kore ta, ta dawo. Ya sa rigar ya fita sayen jarida, kyanwoyin maƙwabta suka yi masa rakiya har bakin kanti. Kafin mako ya zagayo ɗakin ya ɗauki wari, fumfuna ta fito a wuyan rigar. Sai ya kai ta wurin wanda ya san kan abin, wato Reji, shi kuwa kallo ɗaya ya yi wa zif ɗin ya ce a kira 'yan sanda.

A ɗakina suka samu ta gaskiyar, da tarin lambobi, da sauran botar a kan taga. Waɗanda na cuta a baya suka yi ta fitowa. A kotu, da aka zo maganar kyanwa, har alƙali sai da ya sunkuyar da kai yana gyaran murya, ni kaɗai ne ban ga abin dariya ba. Aka yanke mini zaman gidan yari, aka soke sikolashif, aka ce in na fito in koma ƙasarmu.

Na ɗauka ni da Malam Dogo sai a lahira, sai ga shi ya zo ziyara. Ya zauna, ya gaishe ni tsaf, har da ina gajiya, ni kuwa na kasa ɗaga ido. Bai zage ni ba. Tambaya ɗaya ya yi, ina mahon? Na ce na zubar. Sai ya ba ni labari. Jirginsa ya taɓa yin mummunar sauka a Kano, ya fito da rai amma ƙarfe ya yage rigar ya ji masa ciwo a haƙarƙari. Da ya warke ya shiga birni yana neman mai gyara, wani baduku ya zaunar da shi a inuwa, ya ba shi fura, ya ɗinke rigar, ya ƙi karɓar ko anini, wai ba a karɓar ladan baƙo mai jinya. Ya ce saboda mutumin nan ne ya tsaya a teburina, don ya ga ɗan Kano.

Na sha kunya a kotu, amma ba kamar ta ranar nan ba. Na koma ɗaki na yi kuka sosai.

Daga baya na roƙi Malam Dogo ya bar ni in gyara in na fito. Matsalar ita ce jar fatar akuya irin tamu ba a samunta sai gida, kuma ba wanda zan roƙa sai Baba, wanda har lokacin yake faɗa wa mutane ɗansa yana can yana zama injiniya. Wani ɗan jarida ɗan garinmu da ke zuwa duba ni zai tafi hutu, na ce ya je rumfar ya faɗa masa komai, kada ya rage ko botar. Ya dawo da ƙunshi: jar fata mai laushi, da tsohuwar basillar Baba, da zaren fata. Na ce me ya ce? Ya ce tsohon cewa ya yi, "Ka gaya masa ya ɗinke abin da ya farke, sa'an nan ya taho gida."

Da aka sake ni, 'yan kwanakin da aka ba ni kafin jirgi a falon Malam Dogo na yi su. Na goge ƙurar rigar ta gaskiya, wadda kotu ta mayar masa, da buroshi mai laushi, ban bari ruwa ya taɓa ta ba. Na riƙa shafa mata man fata na gaskiya kaɗan kaɗan, in bar ta ta sha nesa da hita. Tsagar kafaɗa na tallafe ta daga ciki. Da na zo hammata, na yanka mahon daidai da inuwar da tsohon ya bari, na bi ramukan da basillar wancan baduku ta huda, ban ƙara ko ɗaya ba. Kyanwar tana kwance tana kallona, ta zo ta shinshina rigar sau ɗaya ta juya ta yi tafiyarta. Malam Dogo ya ce to, sufeto ta amince.

Ya sa rigar ya tsaya gaban madubi, ya cusa hannu a hammata ya shafa. Na ce masa ya sani fa wannan ba shi ne na asalin ba, wancan ya tafi ke nan. Ya ce ya sani, amma yanzu dukawan Kano biyu ne suka taɓa rigarsa. Ya je taronsu da ita, ni kuwa na hau jirgi na sauka a rumfar Baba, inda nake har yau.

Ku samari, ku dubi inda na faro: 'yar lamba ce wadda ba ta kai tafin hannu ba. Ranar da kuka ji bakinku yana ce muku ai ba wanda aka cuta, ku ajiye abin nan take ku tashi daga wurin. Kada ku ji kunyar sana'ar gidanku, ni da na ji kunyarta ita ce ta fitar da ni kunya a ƙarshe. In kun ɓata wa wani abu, ku je ku same shi ido da ido ku gyara tun yana da rai. Na tuba ga Allah, na nemi gafarar waɗanda na iya samu. Wanda ya tambaye ni sana'ata yanzu, baduku nake ce masa, ɗan baduku, kuma bota a kan burodi kaɗai nake shafa ta.