Jirgin Baba da Ramin Kuran

Babana ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa kamyo, babbar motar kaya, tsakanin Faraku da Gaya. A Faraku jirgin ƙasa yake tsayawa, su kuma direbobi su kwashi kayan su haye da su gadar Malanbil. Tun ina ƴar ƙarama yake cewa wata rana jirgin zai iso Gaya da kansa, kuma shi zai fara ganinsa. Har ya ajiye tuƙi, jirgi bai amsa gayyata ba.

Shekarar da idon Baba ya fara yin yana, ƙanensa ya dawo daga Kwatano da wani kwali da ya tsinto cikin kayan gwanjo. Ƙaramin jirgin ƙasa ne, da taragu, da layin dogo da ake harhaɗawa, da akwati mai maɓallan lamba wanda yake aika wa jirgin umarni da kuran, wato wutar lantarki, ta cikin layin. Abu ɗaya ne babu, sharjar da za ta kai wa akwatin wuta.

Wannan bai dami Baba ba, don yana da sharja buhu guda: ta rediyo, ta tarho, ta fitila, masu ƙafa uku irin na Kamba a ƙetaren iyaka da masu ƙafa biyu irin namu. Iliminsa na kuran kuwa bai wuce magana ɗaya ba, wai in dai kai ya shiga rami, wuta duk ɗaya ce. Da wannan ilimin ya aika rediyon Inna lahira.

Sai ga shi ramin akwatin yana da ɗan tudu a gefe guda, ya ƙi karɓar ko ɗaya. Baba ya zazzage buhun kaf, yana huci.

"Mi ne ne wanga girman kai? Ko a duwan, gaban ƴan kwastan, ba a taɓa tsare ni haka ba! Ku ba ni wuƙa in kankare shi."

Inna ta tura wuƙar ƙarƙashin tabarma ta zauna a kai. "Alhaji, rediyona ma gyara ka ce za ka yi mishi."

Ƙanensa ya duba rubutun bayan akwatin, ya ce ƙarfin wutar da yake so daban ne, in ta yi yawa zai ƙone, shi ya sa aka yi tudun ya zama mai gadi. "Yaya, ka yi haƙuri, in sa a nemo tashi."

Direbobi suka yi ta kawo sharja daga Kwatano, ramin yana korar su. Idon Baba kuma ba ya jiran kowa. Na ji haushin wanda ya ƙera ramin nan kamar ya zagi gidanmu, don tsoro nake Baba ya makance bai ga jirginsa ya motsa ba.

Haka kuwa aka yi. Lokacin da ta gaskiyar ta iso, bayan an yanke shinkafa, Baba ba ya bambanta komai sai haske da duhu. Muka shimfiɗa layin a ƙarƙashin rumfa. Na kai hannu zan saka kan wayar, ya buge mini yatsu.

"Direba na nan, karen mota ya ja baya."

Ya lalubi ramin, ya tura, ya ƙi. Ya juya kan wayar a hankali har yatsansa ya sami tudun da ya sha zagi, sai ƙas, ya zauna. Ba shi da wata hanyar shiga sai daidai, ko a hannun makaho.

"Ashe yana da hankali," in ji Baba. Inna ta ce da ma akwatin bai taɓa rasa shi ba.

Ƙanensa ya danna lamba. Baba ya ɗora tafin hannu a gefen layin, ya karkata kunne. Jirgin ya zagayo yana ƴar ƙara, ya gogi yatsunsa tarago bayan tarago. Babu wanda ya yi dariya, ni kam hawaye nake.

"Ya makara," in ji Baba, bai ɗauke hannun ba. "Amma ya iso Gaya."