Dokin Ƙofar Iya

Duk gidanmu sun ɗauka gindaya wa mai aiki sharaɗi raini ne. Ba raini ba ne, kuma na gaji da maimaitawa.

A Islamiyya na san asalin kalmar. Malaminmu ya ce daga Larabci muka aro ta, tana nufin abin da in babu shi aiki bai tsayu ba, kamar alwala ga salla. Jam'inta sharuɗɗa, don da wuya abu ya tsaya da ɗaya. Amma ba a aji ta shige ni ba. A bakin wutar kakata Iya ne, a ƙauyenmu bayan Roni.

In sanyi ya shigo, da an idar da isha'i mukan kewaye ta tana gasa mana dankali a toka. Ni ce mai katse ta. "Uwar gaggawa," takan ce, "anya ke ba bakwaini ba ce?" Sai ta tura kara cikin wuta. "To ga ta nan, mai gyangyaɗi ya ware ido."

Kurege da Bushiya suka noma gero, kowa ya je wurin Gara ta gina masa rumbu. Bushiya ta zo da karan dawa tana aunawa: tsayi kaza, baki faɗin kaza, a ɗora shi kan duwatsu saboda danshi. Kurege ya riƙe baki. A koya wa Gara gini? Shi dai cewa ya yi, "Ke kika san aikinki." Gara ta zuba gwaninta, ta gina masa irin wanda take yi wa kanta, dogo, sumul, ƙofa kamar kafar allura. Ko zangarniya ɗaya ba ta shiga ba. Awaki da tsuntsaye suka raba geronsa a fili.

"Gara ta cuce shi!" na ce.

"Ina fa! Ai mai kyau ta yi masa. Nata mai kyau. Ya faɗa mata nasa?"

Bara damina ta kayar da ɗakin Iya, aka kira Baba Sule magini, aminin mahaifina. Na ce a gaya masa yanzu Iya ba ta iya ɗaga ƙafa. Mahaifina ya harare ni. "Mutumin da ya gina ɗakin da aka haife ki za ki koya wa?" Aka bar masa. Ya ɗaga dokin ƙofa har rabin ƙwauri don tare ruwa, yadda kowa ke yi. Gini ba laifi. Ba a yi sati biyu ba Iya ta yi tuntuɓe ta faɗi kan ƙugunta. Tun daga nan, ko da ta miƙe, sai an ɗauke ta an tsallakar da ita take ganin rana, matar da ko buta ba ta yarda a riƙe mata. In an watse an tafi gona, a ciki take yini.

Abin da ke cina shi ne duk mun ji tatsuniyar nan. Mahaifina ma ya ji ta tun kafin a haife ni.

Gobe Baba Sule zai dawo gyara, na kuma ji ana cewa a bar shi ya duba. Ɗazu na sa Iya ta ɗaga ƙafa iyakar ƙarfinta, na karya kara daidai nan. Yatsa huɗu. Ta kalle ni tana dariya. "Bushiya, za su ce ba ki da kunya."

Su ce. Da safe zan durƙusa in gaishe shi yadda ya kamata, in miƙa masa karan, in nuna masa inda za a yi wa ruwa hanya da inda za a kafa mata abin dafawa. Kuma ba zan bar bakin ƙofar nan ba sai Iya ta tsallake ta da ƙafarta.